Kujerar Hagun Wahiba

Abnub, 4 ga Fabrairu, 1999

Fikri,

"Muddin Gwaggo Wahiba tana numfashi a duniya, labule ba zai sake buɗewa a kan wasan Baba ba. Na ɗauki wannan a wuyana." Maganarka ce, ba tawa ba. Ka faɗe ta a tsakar gidanmu ranar sadakar arba'in ɗin mahaifinka, hannunka na dama a kan Inna Wahiba, mata suna share hawaye suna cewa Kawu Lutfi ya bar magaji. Na sa ta a gaban sallama don kada ka ce ka gaji da karatu kafin ka iso wurinta.

To, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Nirmin da yara. Mu nan mun gode Allah. Sanyin bana ya kama gwiwoyin Inna, tana salla a zaune, amma tana cin abinci. Tana numfashi, Fikri. Na duba da safen nan.

Shugabar makarantarmu ce ta shigo ɗakin littattafai inda nake aiki, ta shimfiɗa min jarida a kan tebur. Ta kira ni da laƙabin da ake girmama babbar yaya da shi, ta ce, "Abla Itimad, wannan ba ɗan'uwanki ba ne?" Sai ga ka, ka yi ƙiba, kana tsaye tsakanin 'yan mata biyu da aka ɗinke a cikin riga ɗaya. A sama an rubuta wai "Mayafi Ɗaya" ya dawo bayan shekara talatin da 'yan kai. Na ce mata ɗan'uwa ne na nesa. Ban taɓa jin daɗin nisan ba sai ran nan.

Tunda ka manta, bari in tuna maka abin da kake sayar wa tikiti. An haifi Inna Wahiba da Nagiba manne da juna daga haƙarƙari zuwa ƙugu, Nagiba a hagu. Shekara goma sha tara suka yi haka a gidan nan, suna ɗinkin da ake kira talli, suna soka zaren azurfa a mayafi. Su shimfiɗa mayafi ɗaya a kan cinyoyinsu, kowacce ta fara daga bakinta, su haɗu a tsakiya. Sai ciwon huhu ya kama Nagiba. Likitocin Alƙahira suka ce ko a raba su ko a rasa duka, kuma hanta ɗaya ce. Aka kira mahaifinsu wani ɗaki aka rufe ƙofa. Inna ta farka ita kaɗai. Har tsohon ya koma ga Allah bai gaya mata abin da aka tambaye shi a ɗakin nan ba, bai kuma gaya mata abin da ya amsa ba.

Mahaifinka ɗan baffansu ne, tare suka tashi. Ya ɗauki wannan ya mai da shi wasan waƙa. Ya sauya sunaye, ya ɓoye gari, duk da haka aka gano. Mutane suka riƙa zuwa a motoci, mata masu jakar hannu suna roƙon Inna ta ɗaga riga su ga tabon. Wanda ya nemi aurenta ya janye. Kawu Lutfi ya zo ya ga haka da idonsa, ya koma ya rufe wasan alhali gidan yana cika maƙil. Bai sake buɗe shi ba har ya mutu. Ba ni da abubuwa da yawa da zan yabe shi da su, amma wannan ɗaya ne.

Na so in ɓoye wa Inna, amma a Abnub ko tari ba ya ɓoyuwa. Tun da ta ji, waƙar nan ta mayafi da ke cikin wasan ba ta bar bakinta ba. Tana wanke kofi tana rera ta, tana zuba wa kyanwarta abinci tana rera ta. Ko baiti ɗaya ba ta manta ba.

Ka rufe shi. Kada ka kira ni a wayar kantin Girgis, ba zan je ba. A waya baki gare ka, a takarda kuwa sai ka sa hannu.

Itimad

Alƙahira, 1 ga Maris, 1999

Abla Itimad, 'yar'uwa rabin jiki,

Wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, wallahi a gidan wasa nake kwana nake tashi. Muna lafiya. Ƙaramin ya yi fama da maƙogwaro amma ya warke. Nirmin tana gaishe ki, ta ce har yanzu ba ta ci burodi irin na gidanku ba. Ki sumbatar min hannun Gwaggo.

Takardarki ta zo da wuta, kamar yadda kika saba tun muna yara, lokacin da kike ƙwace min littafi wai na lanƙwasa masa kunne. Ban musa na faɗi abin da kika ce na faɗa ba. Amma wace magana ce mutum ba ya faɗa a gidan makoki? Kuma ki sani, da ban ɗauki wasan ba da wani ya ɗauka. Akwai wanda ya riga ya fara nema, mutumin da ke cika dandamali da 'yan rawa. Gara a hannun ɗan gida.

Amma ƙarshen takardarki, Abla, shi ya wanke min zuciya. Gwaggo tana rera waƙar Baba. Ba ta manta ko baiti ɗaya ba. Na karanta wa 'yan wasa layin nan, yarinyar da ke fitowa a matsayinta ta fashe da kuka. Ashe duk shekarun nan tsoro muke ji a madadinta, ita kuwa kewar waƙar take yi. Na gaya wa wani ɗan jarida cewa ɗaya daga cikin 'yan biyun tana nan da ranta a Abnub, tana rera waƙoƙin, kuma ta sa mana albarka. Za ki gani a mujallar mako mai zuwa.

Na mai da sunayensu na gaskiya. Ɓoye suna ai kamar jin kunyarsu ne. Na kuma ƙara abubuwa biyu. Kin tuna kyanwar Gwaggo, da kwanon da take ajiye mata a hagunta, tana kiran ta Nagiba? Kin tuna abin da tsofaffinku ke cewa, wai ran 'yan biyu yakan fita ya shiga jikin kyanwa? Na yi masa waƙa guda, mutanen Alƙahira har faɗuwa suke yi don dariya da tausayi.

Na biyun shi ne ƙarshe. A wasan Baba ƙofar ɗakin tiyata ce ke rufewa, sai labule. Mutanen yanzu ba za su yarda da haka ba. Sai na sa likitan ya fito bakin dandamali, a kunna fitilun zaure, ya tambayi 'yan kallo wacce za a bari. Wadda tafinta ya fi ƙarfi ita ke tashi, ɗayar ta koma kyanwa. Abla, ba ki ga yadda gidan ke girgiza ba. Wasu sai sun dawo sau uku don su juya hukuncin. Yawanci Nagiba ce ke ci, don waƙarta ta fi daɗi, amma wannan wasa ne kawai.

Ki zo ki gani kafin ki yanke min hukunci. Ke da kika karanta littattafan duniya, ke ya kamata ki fi kowa ganewa.

Ƙaninki,
Fikri

Abnub, 19 ga Maris, 1999

Fikri,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin jin yaron ya warke. Inna tana nan, amma barcinta ya ragu, kuma Dakta Mikha'il ya ƙara mata ƙwayar zuciya. Ni lafiyata ƙalau, abin da ya rage min ke nan da zan yi maka barazana da shi.

Da farko, kada ka sake rubuta min "rabin jiki". A gidan nan mun san yadda rabin jiki yake, muna shafa masa man zaitun duk lokacin sanyi.

Na biyu. Na rubuta maka cewa tsohuwa ta kama waƙa ɗaya ta kasa saki, kai kuma ka karanta albarka. Na shekara ashirin da biyar ina koya wa 'yan mata karatu, ban taɓa samun ɗalibar da ta karanta gobara ta fahimci biki ba. Ba ka ji yadda take rera ta ba. Baitin Wahiba kaɗai take yi, sai ta yi shiru daidai tsawon baitin Nagiba, kanta a karkace hagu, sannan ta ɗora. Wannan ka kai wa ɗan jarida, har da sunan garinmu.

Ka ce in zo in gani. Na zo. Alhamis ɗin da ta wuce na hau jirgin ƙasa na safe, na bar Inna a hannun maƙwabciyarmu Ummu Sabir, na sayi tikitina a taga kamar kowa. Ban neme ka ba.

Zan ba ka haƙƙinka. 'Yan matan nan biyu suna da murya, kuma waƙoƙin Kawu ba su tsufa ba. Wurin da suke ɗinkin mayafi, allura biyu suna matsowa tsakiya, na manta da fushina. Da a nan ka tsaya da sai in ce ka saɓa alkawari kawai. Amma ka ba Nagiba duk dariyar da duk rawar, ka ba Wahiba tsoro da ƙorafi da ɗaure fuska. Ka san sarai Inna ce mai barkwancin gidan, Nagiba ce mai shiru. Ka juya su don zaɓenka ya yi armashi. Wanda ya karkata sikeli tun kafin a ɗora kaya ba ya cewa kasuwa ce ta yanke.

Ba dandamalin na fi kallo ba, mutanenka na kalla. A bayana wani mai tumbi ne da matarsa, suna ɓare 'ya'yan kabewa suna tofar da ɓawon a ƙasa. Tun kafin hutun rabin wasa ya ce, "Ni dai mai dariyar nan zan zaɓa. Ɗayar ta cika kama da uwarki."

Matar ta ce, "Uwata ce ta dafa lalon da ya kumbura maka cikin nan, marar kunya."

"Shi ya sa na ce a yanke ta, kafin ta kashe ni da tafarnuwa."

Suka yi dariya tare. Mutanen kirki ne, Fikri, da ganinsu ka san suna son juna. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Da aka zo waƙar kyanwa, ɗaliban da ke benen sama suka fara kukan mage, zauren ya ɗauka. Kusa da ni akwai wata tsohuwa cikin baƙar riga, daga maganarta na san 'yar wajenmu ce, ɗanta ne ya kawo ta. Ba ta yi dariya ba. Ta ja wuyan rigarta ta tofa a ciki, ta kama hannuna ba ta san ni ba, ta ce, "'Yata, waɗannan ba su san abin da suke kira ba. Ana kiran kyanwar 'yan biyu da suna a bainar jama'a? In ta amsa fa?" Ɗanta ya ce, "Haba Umma, wasa ne." Ta ce, "Ubanka ma haka ya ce ranar da ya shiga kogi."

Can gaba wani mutum ya tashi da 'yan matansa biyu masu kaya iri ɗaya, ya ja su waje. Ƙaramar tana tirjewa tana cewa ita tana son ta ga wadda za ta mutu.

Sai aka kunna fitilu, likitanka ya fito da farar riga. Na karanta yadda Rumawa ke zama a filin wasa suna nuni da yatsa a kashe ko a bari, na ɗauka abu ne da ya wuce. Ya ce, "Nagiba?" Gidan ya tsage. Benen sama suka fara buga ƙafa suna nuna ɗaya yarinyar suna cewa, "A yanke ta, a yanke ta." Sannan ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ce, "Wahiba?"

Na shigo da niyyar hannuwana ba za su bar cinyata ba. Sai na gane a lissafinka shiru ma ƙuri'a ne. Na tafa, Fikri. Ni da wata yarinya mai gilashi da wasu 'yan tsiraru. Na tafa har tafin hannuna ya yi zafi, ina roƙon baƙi su bar innata da rai. Kai ka sa ni haka. Mai tumbin ya leƙo ya ce, "Haƙuri, Hajiya, kin faɗi zaɓe."

A bakin ƙofa wajen fita na ji wasu samari biyu. Ɗaya ya ce, "An ce ta gasken tana raye can kudu, a yankin Sa'id."

"Wacce?"

"Mai ɗaure fuskar."

"Kai, ashe likitocin da ma ba su iya zaɓe ba."

Na gan ka daga nesa kana rusunawa, furanni a hannunka. Na juya na nufi tasha.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka aka ce. Amma kai ka ja wannan daga Alƙahira, kuma a kan rufin wata tsohuwa zai sauka. Ka cire zaɓen. Ka cire sunayen. Ka cire kyanwar. Ka rubuta wa mujallar ka ce ƙarya ka yi. Inna ba ta san da maganar zaɓen ba tukuna, kuma ina so ta koma ga Allah ba ta sani ba.

Itimad

Alƙahira, 22 ga Maris, 1999

Abla Itimad,

Sallama da fatan alheri, da barka da salla tun kafin ta zo. Duk muna lafiya. Ban ji daga gare ki ba tun da na rubuto, na ɗauki shirun a matsayin fushi ya sauka.

Albishirinki. An gayyace mu yawon garuruwan kudu bayan salla, kuma da Asyut za mu fara, ranar Alhamis 8 ga Afrilu. Kogi kawai za ku tsallaka. Masu talabijin za su zo. Ga abin da nake roƙo: bayan an gama, Gwaggo ta hau dandamali, 'yan matan biyu su miƙa mata furanni. Ba sai ta ce komai ba. Zan aiko mota, zan aiko katin gayyata. Ki yi tunanin Baba yana kallo.

Fikri

Ƙari: Ina shirin liƙe ambulan sai ga takardarki. Na karanta. Kin zo har Alƙahira ba ki sha ko shayi a gidana ba, wannan ya yi min ciwo. Kin faɗa a daren da 'yan benen sama suka yi yawa ne, ba kullum haka ba ne. Sunaye da kyanwa za mu iya magana in na zo. Zaɓen kam ba zan iya taɓa shi ba, shi mutane ke zuwa gani, kuma mutum arba'in ke cin abinci a wasan nan. Mutanen Asyut namu ne, na tabbata Gwaggo za su zaɓa. Kada ki tsorata ta a banza.

Abnub, 1 ga Afrilu, 1999

Fikri,

Assalamu alaikum, barkanmu da salla. Allah ya karɓi layyar wanda ya yi don Allah. Ka tambayi lafiya ko ba ka tambaya ba, ga ta. Inna ta rame. Tana tafiya hannunta a kan tabon. Dakta Mikha'il ya zo shekaranjiya, ya saurari ƙirjinta ya daɗe, ya kira ni waje ya ce ko matakalar bene kada ta hau, kuma kada a bari wani abu ya tayar mata da hankali. Na yi dariya har ya zaci na zare.

Ka ce kada in tsorata ta a banza. Bari in ba ka labarin banzan.

Kaset ɗin wasanka ya riga ka isowa. Direbobin ƙananan motocin da ke tsallaka gada zuwa Asyut shi suke sawa daga safe har dare. Yaran unguwa sun haddace. Suna tsayawa a bakin lungunmu suna kukan mage, in na fito su watse, in na shiga su dawo. Wasu mata sun zo daga Badari da jariransu 'yan biyu wai Inna ta tofa musu. Wani mai kyamara ya hau rufin maƙwabta, na jefe shi da tukunyar fure, na yi nadamar furen.

Ranar salla ka san yadda ake yi, a tsoma hannu a jinin rago a buga a bango don tsari. Da na fito zan kai wa dangi nama, na tarar an buga hannu biyu a ƙofarmu, manne da juna. An ja layi da yatsa a tsakaninsu, an goge na dama. Na wanke da ruwan zafi da toka, amma katako ya riga ya sha.

Tun ranar kuma kyanwar ba ta dawo ba.

Na san abin da za ka ce, ni ma na faɗa wa kaina. Kyanwa ce, gari cike da nama, ko yara sun kore ta, ko wani ya yi mata mugunta. Ni ba na cikin masu cewa ran mutum yana shiga dabba, na sha yin faɗa da Inna a kan haka ina budurwa. Amma shekara arba'in ke nan, in wata ta mutu wata ke zuwa, kuma kwanon nan bai taɓa kwana da abinci a ciki ba. Yanzu kullum da safe ni ke zubar da shi.

Ka ce mutanen nan namu ne. Namu ne, shi ya sa ba sa dariya. A Alƙahira barkwanci ne, a nan magana ce. Ummu Sabir, wadda ke aiko mana burodi tun kafin a haife ka, ta tare ni a bakin famfo. Ta ce, "Abla, kada ki ji haushi. Mutane suna cewa in dubban bakuna suka ce kowane dare Nagiba ce ya kamata ta rayu, to ai Nagiba ta ji. Suna cewa ba ɓata ta yi ba, fushi ta yi, ta tafi neman haƙƙinta." Na ce, "Ke ma kin yarda?" Ta ce, "Ni ban ce ba. Amma jikokina ba za su shigo gidanku ba sai an ga yadda ta kaya." Waɗannan ne 'yan kallonka na Alhamis. Ba za su zo su ji waƙa ba, za su zo su yanke shari'a.

Kuma Inna ta sani. Ba ni na gaya mata ba, ɗaya daga cikin matan Badari ce, cikin tausayi. Bayan sun tafi ta kira ni. Ta ce, "Itimad, wa suke zaɓa?"

Na ce, "Wani lokaci ke."

Ta ce, "Ke da na goya. Tun kina ƙarama in za ki yi ƙarya sai kin gyara gilashi, ko ba ki sa shi ba."

Na sauke hannuna. Ta ce, "Shekara arba'in ina son in ji abin da aka faɗa a ɗakin nan. Na roƙi Baba yana lafiya, na roƙe shi yana gargara, ya juya fuska bango. Ban sani ba ko zaɓena aka yi, ko kuwa ni ce abin da ya rage. Yanzu an ce ana faɗa a fili kowane dare, direbobi sun ji, yara sun ji, ni kaɗai ce ban ji ba. Ki kai ni."

Na ce ba zan kai ta ba. Na gaya mata abin da likita ya ce. Ta ce, "Mikha'il yaron kirki ne, amma zuciyar nan tun asali ba a yi ta don ta zauna ita kaɗai ba. Ta yi ƙoƙari." Kullum sai ta sake tambaya, kullum sai in ƙi.

Shekaranjiya ta sa na sauko mata da tsohon akwatinta. A ƙasa akwai mayafin da suke yi lokacin da ciwo ya kama Nagiba. Ɓangaren Inna ya kai tsakiya, na Nagiba ya tsaya a hanya. Ban taɓa sanin yana nan ba. Yanzu da nake maka rubutu tana zaune a bakin taga, ta juya shi, ta kama daga bakin Nagiba, tana soka zaren da hannun hagu. Inna ba bahaguwa ba ce. Ban taɓa ganin ta riƙe ko cokali da hagu ba, amma layin yana tafiya daidai kamar an ja shi da zare. Na tambaye ta na wa ne. Ta ce, "Zai gamu kafin Alhamis."

To ga magana ta ƙarshe, kuma na rubuta ta yadda ko kai ba za ka iya karanta albarka a ciki ba.

Ina ba ka zuwa la'asar ɗin Talata, 6 ga wata. Ka buga min waya ta telegram zuwa makaranta, ka ce an fasa Asyut, an cire zaɓe, an cire sunaye. Ba na son bayani, ba na son gaisuwa. In ta zo, zan kai wa Inna in ce an rufe ɗakin kamar yadda aka rufe shi da farko, in zauna da fushinta. Na iya wannan.

In la'asar ta wuce ba ta zo ba, zan daina ce mata a'a. Ba ni da ikon hana babbar mace jin abin da dukan gari ke ji a kanta. Kada ka aiko mota, kada ka aiko kati, furanninka kuma ka kai kabarin mahaifinka ka ba shi haƙuri. Zan tsallaka gada ranar Laraba in sayi kujeru uku a sahun gaba. Inna a tsakiya, ni a damanta. Ta hagun ba wanda zai zauna a kai, mayafin za a shimfiɗa.

Idan aka kunna fitilu, likitanka ba zai yi tambayar ba. Zan miƙe in kira ka da sunanka da sunan ubanka, a gaban masu talabijin ɗinka, kuma ka san muryata tana kai wa ƙarshen filin makaranta. Ba zan zauna ba sai ka fito. Kai za ka tsaya a bakin dandamali, ka dubi matar da ka dafa wa kai, ka tambayi mutanen Asyut wacce za a bari. Abin da ya biyo baya a wuyanka yake, inda ka ce ka ɗauke shi tun farko.

Kada ka dogara da cewa za su zaɓe ta don kunyar idonta. Wataƙila su yi. Amma jiya na tambaye ta, in na kai ta, me za ta yi idan aka kira sunayen. Ba ta ɗago daga ɗinkin ba. Ta ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Da ni aka kira ɗakin nan ran nan, ai da ba a sha wahala ba. Nagiba zan tafa wa. Ke dai ki riƙe min jaka."

La'asar ɗin Talata, Fikri.

Itimad